Jinyar Baba ta hana ni barci, an ce datti na taruwa a ƙwaƙwalwata

Assalamu alaikum Malama. Ni mace ce mai shekara 43, ina da miji da 'ya'ya uku, ina kuma aikin ofis. Mahaifinmu yana da shekara 74, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu a wurina yake zaune. Kusan shekara biyu ke nan da ya fara mantuwa. Da farko sunaye ne da inda ya ajiye abu, yanzu sai a yi masa magana ya daɗe bai amsa ba. Tafiyarsa ma ta canza: yana jan ƙafa kamar an liƙa masa su a ƙasa, in zai juya sai ya yi ta ƙananan taku, har ya faɗi sau biyu. Fitsari kuma yana kufce masa kafin ya kai banɗaki. Da dare yakan tashi sau huɗu ko biyar, ni nake tashi tare da shi. In an haɗa barcina duka bai wuce awa huɗu ba, shi ma a gutsuttsure.

Kwanan baya Yayana ya turo wani bidiyo a zaurenmu na WhatsApp, wai ƙwaƙwalwa tana wanke kanta da wani ruwa idan mutum yana barci, wanda ba ya barci kuma datti ke taruwa masa har ya zama cutar mantuwa. Ya ce shi ke nan an gano ciwon Baba, tun da ya shafe fiye da shekara 20 yana aikin dare. Ya ce a riƙa ba shi maganin barci kullum, ya kuma sayo wasu ƙwayoyi da aka ce suna wanke ƙwaƙwalwa. Bai taɓa kwana da Baba ba, amma shi ke biyan kuɗin magani. Ƙanwarmu tana goyon jariri. Maigidana ya fara cewa ba zai zuba ido in kashe kaina ba.

Ni bidiyon tsorata ni ya yi. Ina shiga ɗaki in manta abin da ya kawo ni, na fara kuskuren lissafi a ofis. Yanzu ko Baba ya yi barci ni ba na iya yi, ina kwance ina tunanin dattin da ke taruwa a kaina. Gaskiya ne? Na riga na yi wa kaina illa? In ba Baba maganin? Kuma yaya zan yi da Yaya ba tare da zumunci ya ɓaci ba?

Daga wata 'yar uwa mai jinya

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Sannu da ɗawainiya. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Bari in fara da abin da ke hana ki runtsawa. Mantuwar da kika bayyana ta gajiya ce. Mai barcin awa huɗu hankalinsa ba ya tsayawa a kan abu, abin da hankali bai tsaya a kansa ba kuwa bai ma shiga ba balle a tuno shi. Irin wannan mantuwa takan ja da baya idan barci ya daidaita na 'yan makonni. Babu wani bincike da ya ba kowa damar ce miki shekara biyu na jinya sun rubuta miki cutar mantuwa. Wannan ba yana nufin halin da kike ciki ba shi da illa ba ne, zan zo kansa, amma illar ba inda kike hango ta take ba.

Bidiyon bai ƙirƙiri maganar ba. Akwai gaskiya a gindinta, sai dai an ja ta an kai ta inda masu binciken da kansu ba su kai ba. Ƙwaƙwalwa ba a bushe take zaune cikin ƙoƙon kai ba. Tana cikin wani ruwa garai-garai marar launi, wanda ya kewaye ta ya gangara cikin ƙashin baya ya lulluɓe laka. A jikin babban mutum ruwan bai wuce kimanin mililita 150 ba a lokaci guda, amma kullum ana tace kusan rabin lita daga jini a cikin wasu ramuka huɗu da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, tsoho yana fita sabo yana maye gurbinsa sau uku ko huɗu a kwana ɗaya. Likitoci sun daɗe da sanin wannan ruwa, amma galibi ana ɗaukarsa abin da ke tare ƙwaƙwalwa kada ta bugu da ƙashi.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne maganar shara. Ƙwaƙwalwa nauyinta kusan kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa, kuma duk abin da ke aiki haka dole ya fitar da tarkace. Sauran gaɓoɓi suna da siraran hanyoyi da ke kwashe tarkacensu su kai shi kaluluwa, irin wadda ke kumbura a hamata ko matsematsi idan an ji ciwo. A cikin naman ƙwaƙwalwa babu irin waɗannan hanyoyi. To ta ina nata yake fita?

A 2012, Maiken Nedergaard da Jeffrey Iliff da abokan aikinsu a Jami'ar Rochester ta Amurka sun zuba wani rini mai ƙyalli cikin wannan ruwa a kawunan ɓeraye masu rai, suka bi sawunsa da madubin bincike. Sai suka ga ruwan ba ya tsayawa a waje. Yana kutsawa cikin ƙwaƙwalwa ta ɗan ratar da ke kewaye da jijiyoyin da ke kawo jini, bugun jijiyoyin yana tura shi gaba, ya ratsa wasu ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayoyin halittar da ke tallafe da jijiyoyin, ya gauraya da ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sannan ya fita ta gefen jijiyoyin da ke mayar da jini, ɗauke da tarkace. Cikin tarkacen har da wani furotin da ake kira amiloyid, wanda ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wani nau'in cutar mantuwa. Suka sa wa tsarin suna gilimfatik. A 2013 wannan rukunin ya ba da rahoton da ya jawo duk bidiyoyin da ke yawo yanzu: idan ɓera ya yi barci, ratar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa tana buɗewa da kusan kashi 60 cikin 100, amiloyid kuma yana fita da saurin da ya ninka na lokacin da yake farke. Kamar kasuwa ce, ba ta sharuwa da kyau sai mutane sun watse. A 2015 kuma wasu rukunoni biyu, ɗaya a Jami'ar Virginia ɗaya a Helsinki, suka gano siraran hanyoyi a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, waɗanda ke kai ruwan zuwa kaluluwar wuya.

A jikin ɗan Adam ma an ga alamu. A 2019 masu bincike a Jami'ar Boston sun sa mutane barci cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, suka ga idan barci ya yi nauyi ruwan yana shiga yana fita da manyan igiyoyi, kusan kowace daƙiƙa 20. A 2018 an hana mutum 20 masu lafiya barcin dare ɗaya a Amurka, hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna amiloyid ya ƙaru da kusan kashi 5 cikin 100 a wasu sassa.

A nan masu bidiyo suke tsayawa, amma maganar ba ta ƙare ba. Yawancin abin da aka sani daga ɓeraye aka samo shi, da yawansu ma an yi musu allurar kashe jiki ne kafin a duba. A 2024 wani rukuni a Kwalejin Imperial ta Landan ya auna ta wata hanya daban, ya sami akasin haka: a ɓerayensu fitar rinin raguwa ta yi lokacin barci. Aka yi ta ce-ce-ku-ce kan wace hanyar awo ce ta fi daidai, kuma ba a rufe muhawarar ba. Ni dai a ganina hujjar cewa barci yana taimakon wannan wanki ta fi nauyi, amma tsakanin wannan da cewa rashin barci shi ya jawo wa wane ciwonsa akwai tafiya mai nisa.

Dubi binciken da aka fi kafa hujja da shi. An bi ma'aikatan gwamnati kusan 8,000 a Ingila na tsawon kimanin shekara 25, aka wallafa sakamakon a 2021. Waɗanda suka ɗore suna barcin awa 6 ko ƙasa da haka a shekara 50, da 60, da 70, haɗarin cutar mantuwa ya ƙaru musu da kusan kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da masu barcin awa 7. Ki lura da abu biyu. Na farko, ana maganar gwamman shekaru ne, ba shekara biyu ba. Na biyu, ƙarin kashi 30 ba ya nufin kashi 30 sun kamu. A misali, idan mutum 10 cikin 100 ne za su kamu, ƙarin ya mayar da su 13, sauran 87 suna nan lafiya. Ga kuma wani ƙulli: ita kanta cutar tana fara ɓata barci shekaru kafin a ga mantuwa, saboda haka da wuya a raba wanne ya jawo wanne. Shi ya sa kwamitin masana na mujallar Lancet, da ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa don rage cutar mantuwa a 2024, bai sa barci a cikinsu ba. Ya sa hawan jini, da ciwon suga, da raunin ji, da raunin gani, da shan taba, da rashin motsa jiki, da ciwon damuwa, da kaɗaici, da sauransu.

Saboda haka maganar cewa aikin dare ne ya kwantar da Baba ba ta da madafa. Binciken da aka yi kan masu aikin dare bai tsaya kan matsaya ɗaya ba, kuma babban abin da ke kawo wannan ciwo shi ne yawan shekaru. Ina roƙon kada wannan magana ta kai kunnensa. Mutumin da ya raba dare yana nema don ya ciyar da ku bai cancanci a ce masa shi ya jawo wa kansa ba. Game da gado kuma, tun da na san yana ranki ko ba ki faɗa ba: samun mahaifi mai ciwon yana ɗan ƙara haɗari, amma nau'in da ke bin jini kai tsaye bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na masu Alzheimer ba, kuma yawanci kafin shekara 65 yake bayyana. Baba ya haura 70 kafin nasa ya fara.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki, wanda ba ki ma tambaye ni ba. Kin ambaci abu uku a jere: jan ƙafa, kufcewar fitsari, da sanyin tunani. Ba ki ce an taɓa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar Baba ba. Akwai wani ciwo na wannan ruwan da muke magana a kai wanda ke zuwa da waɗannan alamu uku, kuma sau da yawa ana yi masa kallon gigin tsufa a bar shi. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Kolombiya, Salomón Hakim, shi da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1965. Ruwan ne ba ya fita yadda ya kamata, sai ramukan nan na tsakiyar ƙwaƙwalwa su yi ta faɗaɗa a hankali suna matse hanyoyin saƙo da ke kula da ƙafafu da mafitsara, alhali in an auna ƙarfin ruwan sai a ga kamar daidai yake. Tafiyar mai wannan ciwo tana da kama: ƙafa a warware, taku gajere, tafin ƙafa ba ya son barin ƙasa, juyawa kuma sai an yi ta a matakai da yawa. Tunaninsa ya fi kama da jinkiri da rashin kuzari fiye da ɓacewar abu ɗungurungum.

Abin da ya sa nake dagewa a kai shi ne yana cikin 'yan tsirarun ciwukan mantuwa da ake iya yi wa aiki. Ana farawa da hoton CT ko MRI. In an ga ramukan sun faɗaɗa fiye da kima, likita kan zuƙe mililita 30 zuwa 50 na ruwan da allura ta ƙugu, ya auna tafiyar mutum kafin da bayan haka. In tafiya ta gyaru, alama ce cewa tiyata za ta yi amfani: a sa siririn bututu a ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki, ya riƙa zubar da rarar ruwan. Tafiya ce ta fi saurin gyaruwa, fitsari ya biyo baya, tunani kuwa shi ya fi nawa. Aikin yana da haɗarinsa, bututun kan toshe ko ya kamu da ƙwayoyin cuta, jini kan iya taruwa a kai, kuma ba kowa yake amfana ba. Amma da wuri aka yi shi ya fi amfani, jinkiri kuma yana rage abin da za a ceto.

Ban ce shi ke damun Baba ba, ba a gano ciwo ta wasiƙa. Ƙananan shanyewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da hawan jini ke jawowa suna iya ba da irin wannan hoto, haka cutar Parkinson mai sa karkarwa da sanyin motsi, fitsarin kuma yana iya zama na kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, da ke yawan samun maza a shekarunsa. Wani lokaci ma biyu ne suka haɗu. Duk waɗannan kowanne da abin da ake yi masa. Ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ki faɗi alamun uku tare a jimla ɗaya, ki faɗi wacce ta fara zuwa, ki tambaya kai tsaye ko taruwar ruwa ce. Ki ɗauki bidiyon tafiyar Baba da wayarki, daga gaba da gefe har da juyawa, don a gaban likita tsofaffi kan dage su yi tafiyar da ba su saba yi a gida ba. Ki kwashi duk maganin da yake sha a leda ɗaya ki tafi da su. A kuma duba jininsa don ƙarancin bitamin B12 da aikin ƙullin maƙogwaro da suga, a duba fitsari, don waɗannan ma suna rikita tsoho kuma suna da magani.

Maganin barci kuwa, kada ki ba shi sai likitan da ya san ya faɗi sau biyu ya rubuta. Dattijon da ke jan ƙafa, ya tashi tsakar dare da maganin barci a jikinsa yana neman banɗaki, karayar ƙugu ake jiye masa, ita kuwa takan kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi daga ita. Magungunan mura da na ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi ma suna ƙara ruɗewa, suna kuma iya riƙe fitsari. Abin mamaki, ko ta fuskar wankin ƙwaƙwalwar ma hujjar ba ta goyi bayan Yaya ba. A farkon 2025 rukunin Nedergaard ya nuna cewa a barci mai nauyi jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar ɓera suna tsukewa suna saki kusan kowace daƙiƙa 50, wannan motsin ne ke tura ruwan. Da suka ba ɓerayen zolpidem, sanannen maganin barci, sun yi saurin barci amma motsin ya yi rauni, wankin ya ragu. A ɓera ne, amma ya isa ya nuna cewa barcin magani da barcin Allah ba lallai su zama abu ɗaya ba. Ƙwayoyin da ya sayo kuma, babu wata ƙwaya da aka tabbatar tana wanke ƙwaƙwalwar mutum. Ki sa su cikin ledar da za a kai wa likita, ya duba ko za su yi karo da magungunan Baba.

Akwai abin da za ki fara tun yau don rage tashinsa. Ya sami hasken rana da safe da ɗan motsi gwargwadon ƙarfinsa, barcin rana ya zama gajere. Ya sha ruwa sosai da rana, a rage shi awa biyu kafin kwanciya, a kai shi banɗaki daf da kwanciya. A ajiye fo ko kujerar bayan gida a gefen gado, a bar ƙaramar fitila a kunne, a kwashe duk abin da zai harɗe masa ƙafa. Ƙunzugun manya da dare ba wulaƙanci ba ne in an yi masa bayani cikin mutunci. In yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ki tambayi likita ko za a mayar da shi safe. In kuma yana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa, ki faɗa, don wannan ma yana tashin mutum yana kuma dusashe tunani.

Sai Yaya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, gaskiya, amma kada ki ɗauke shi mugu. Namiji ne da ke kallon mahaifinsa yana zamewa, bai san abin yi ba, sai ga bidiyo ya ba shi dalili da magani a minti uku. Kuɗin da yake biya ma ɗawainiya ce, ki faɗa masa kin gani. Kada ki ƙaryata shi a zauren iyali, a nan kowa kare girmansa yake yi. Ki kira shi ku biyu. Ki fara da inda kuka yi daidai: \"Yaya, maganar ruwan nan gaskiya ce, har na ji akwai wani ciwo na ruwan da ake iya yi wa aiki, ina so mu kai Baba a ɗauki hoto, kuma ina so ka zo ka ji daga bakin likita.\" Kin ba shi aikin da ya dace da abin da shi ya fara kawowa, kuma likita ne zai hana maganin barcin, ba ke ba. Bayan nan sai ki kawo naki, a fili, ba da habaici ba. In barci yana da muhimmancin da ya ce, to mutumin da ya fi kowa rashinsa a gidan nan ke ce. Ki roƙi abu mai ƙidaya: dare biyu a mako ya kwana da Baba, ko kuma kuɗin ƙwayoyin nan su koma biyan mai jinyar dare. Kalmar \"a taimaka mini\" ba ta ɗaure kowa, amma \"Talata da Juma'a\" tana ɗaurewa. Wataƙila ma Baba ya fi sakewa idan namiji ne ke kai shi banɗaki, ko da bai taɓa faɗa miki ba.

Ƙanwarku ba ta da dare a yanzu, amma tana da waya da wasu awowi na rana. Ta riƙe neman layin likita da lissafin magani, ta zo ranar hutu ta zauna da Baba ki kwanta.

Maigidanki kuwa yana da gaskiya, ko da lafazin ya yi miki zafi. Kada ki ji kamar yana sa ki zaɓa tsakaninsa da mahaifinki. Ki mayar da damuwarsa aiki: ya ɗauki shirin yara da safe, ko ya riƙe kunne a farkon dare a ranakun da babu kowa.

Farkon daren nan shi nake so ki fi karewa. Barci mai nauyi, wanda aka ga manyan igiyoyin ruwan a cikinsa, ya fi yawa a awowin farko bayan kwanciya. Awa huɗu ko biyar a jere, a wani ɗaki, ƙofa a rufe, wani yana tsaron Baba, sun fi miki awa shida da ake tashinki sau biyar. Burin shi ne ki koma awa bakwai, amma daga nan za a fara. In kin sami dama da rana ki ɗan runtsa na minti 20 zuwa 30, kada ya kai yamma. Shayi da kofi su tsaya a safiya, don rabin sinadarin hana barci da ke cikinsu yana nan a jini bayan awa biyar. In kin kwanta tunani ya taso har kusan minti 20 barci bai zo ba, ki tashi ki zauna a wuri mai ƙarancin haske, ba da waya ba, sai kin ji gyangyaɗi ki koma. Ki daina kallon agogo, ki kuma daina kallon bidiyoyin nan, sun riga sun ba ki duk abin da suke da shi. Za ki ji ana cewa a kwanta ta gefe don ruwan ya fi gudu. Daga wani bincike na 2015 aka samo wannan, a kan ɓerayen da aka yi wa allurar barci. Ki kwanta yadda barci ya fi ɗaukar ki.

Illar da ta fi kusa da ke ba ta shekara 70 ba ce. Ita ce gyangyaɗi a kan sitiyari, da kuskuren ba Baba magani, da hawan jini, da ciwon damuwa. Ranar da ba ki yi barci ba kada ki yi tuƙi. Ki je a duba ki ko kina da hawan jini a wannan makon, don shi yana cikin jerin 14 ɗin nan, kuma a ɓeraye an ga hawan jini yana rage gudun ruwan a gefen jijiyoyi. In kin ga kina yawan kuka, ko komai ya fita daga ranki, ko an ba ki dare kyauta amma barci ya ƙi zuwa har makonni, ki ga likita don kanki. Akwai horon gyaran barci da ake yi ta hanyar tattaunawa, shi likitoci ke fara bayarwa kafin ƙwaya.

In Yaya ya ƙi duka biyun, dare da kuɗin mai jinya, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya zaunar da ku, a rubuta wa ke da wane dare. In hakan ma bai yiwu ba, ki tambayi ofishinku ko za a sassauta miki lokacin shiga na ɗan wani lokaci, ku kuma duba ko Baba zai riƙa yin mako a wurin Yaya, ko da yake sauya wuri yana rikita mai mantuwa, don haka shi ne zaɓi na ƙarshe.

Kafin ranar ganin likita, in Baba ya rikice farat ɗaya fiye da yadda ya saba, ko ya faɗi ya bugu a kai, ko baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, kada ki jira layi, ki kai shi sashen gaggawa a lokacin. In an ɗauki hoton, ki rubuto mini abin da likita ya ce mu duba mataki na gaba tare.